CIWON CIKI GA MAI WANKIN ƘODA: KO MAGANIN ƘWAYOYI MASU RAI YANA DA AMFANI?

  

Yau zancenmu a kan waɗansu bayin Allah ne waɗanda ƙodarsu ta gaza, har ya zama sai an riƙa kai su babban asibiti ana tace musu jini da na'ura. Wannan shi ake kira wankin ƙoda. Watakila wani ya ce, "Mu da ke ƙauye, ina ruwanmu da wannan?" To, da ruwanku. Ciwon ƙoda ba ya tambaya ko mutum ɗan birni ne ko ɗan ƙauye. Mutanen Gashuwa da Haɗeja da ƙauyukan da ke kewaye da su sun daɗe suna fama da shi. Ban da haka, mai wankin ƙoda awa huɗu kaɗai yakan yi a asibiti ran wanki. Sauran kwanakin duka yana gida, a hannun matarsa, ko mijinta, ko 'ya'ya. Ku ne masu dafa abinci, ku ne masu sayo magani. Saboda haka ku kasa kunne.

Galibin masu wankin ƙoda suna kukan ciki. Wannan ya ce cikinsa ya kumbura, wancan ya ce kwana huɗu bai zaga ba, wani kuma tashin zuciya ya hana shi cin abinci. A kan haka ne yanzu ake tallar wani magani a shagunan magani, da cikin motocin haya, da ta wayar hannu. Sunansa furobayotik. Masu talla suna cewa yana gyara ciki, waɗansu ma har suna cewa yana wanke ƙoda. Sau da yawa a ɗakin shan magani akan tambaye mu, "Malam, mu saya ko kada mu saya?" Amsar wannan tambaya nake so in ba ku yau.

Aikin ƙoda da aikin na'ura

Bari mu fara da ƙodar kanta. Kowane mutum yana da biyu, a kwiɓinsa ta baya, kowace ba ta fi dunƙulen hannunsa girma ba. A cikin kowace ɗaya akwai 'yan mitsi-mitsin matatai wajen miliyan guda. Dare da rana suna tace ruwan jini. Abin da suke tacewa a kwana ɗaya ya kai lita 180, watau ya kusa cika babban duro. Kusan dukansa sai su mai da shi cikin jiki, su fitar da wajen lita ɗaya da rabi tare da datti. Shi ne fitsari.

Idan ƙoda ta gaza, dattin nan da ruwa sai su taru a jiki. A shekarar 1943 wani likita na ƙasar Holan, Wilam Kolf, ya ƙera na'urar da ke cire dattin daga jini. A Nijeriya kuwa an soma wankin ƙoda a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, yanzu kuma ana yi a Kano, da Maiduguri, da Zariya, da Sakkwato, da waɗansu biranen. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, kowane zama awa huɗu. To, ku lissafa. Ƙoda mai lafiya tana aiki awa 168 a mako, na'ura kuwa awa 12. Shi ya sa ko wanda ba ya fashi, jininsa ba ya yin tas kamar na mai lafiya. Balle wanda saboda rashin kuɗi sai sau ɗaya yake zuwa.

Me ya kawo ciki cikin zancen ƙoda?

A cikin hanjin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mun saba gaya muku ƙwayoyin cuta ke kawo zawo da amai. Gaskiya ne, amma ba dukansu ne miyagu ba. Masana sun ƙiyasta a 2016 cewa babban mutum yana ɗauke da wajen tiriliyan 38, galibinsu a babban hanji. Da yawa daga cikinsu ma'aikatanmu ne. Suna cin dusar hatsi da zaren ganye waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa, suna ciyar da bangon hanji, suna kuma hana miyagu samun wurin zama. Hanji kamar gona yake. Inda gero ya yi kyau ya rufe ƙasa, ciyawa ba ta samun sarari.

Idan ƙoda ta gaza, gonar nan takan lalace ta hanya uku.

Ta farko, akwai wani datti da ake kira yuriya, wanda ya kamata ya fita cikin fitsari. Da ya rasa hanya sai ya tsiyaya cikin hanji. Waɗansu ƙwayoyi sai su mai da shi amoniya, abin nan mai zarni da kuke ji a makewayi. Amoniya tana cin bangon hanji. Kun kuwa san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta tsagar nan guba ke komawa cikin jini.

Ta biyu, abinci. Likita yakan hana mai wankin ƙoda shan ruwa da yawa, ya kuma rage masa 'ya'yan itace da waɗansu ganyaye. Da dalili mai ƙarfi, za mu zo kansa. Amma hanjin da ba ruwa, ba zaren ganye, dole bayan gida ya yi tauri, ƙwayoyi masu amfani kuma su rasa abinci.

Ta uku, magunguna. Ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe, da ƙwayar da ake haɗiya tare da abinci don ta kama sinadarin fosforas, duka suna ɗaure ciki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma, watau antibayotik, ba ya bambanta nagari da mugu, duka yake kwashewa. Ga zaman awa huɗu wuri ɗaya, ga kasala da ke hana tafiya.

Kuma ku sani, idan bayan gida ya daɗe a ciki, miyagun ƙwayoyi sukan ruɓar da ragowar nama da wake, su fitar da waɗansu irin guba masu manne wa jini, waɗanda na'ura ba ta iya cirewa sosai. Ashe ke nan ɗaurewar ciki ga mai wankin ƙoda ba ƙaramin abu ba ne.

Mene ne furobayotik?

Furobayotik ba kome ba ne illa ƙwayoyin nan masu amfani, waɗanda aka yi kiwonsu, aka busar da su da ransu, aka zuba cikin kafso ko 'yar takarda. A jikin kwalin za ku ga an rubuta Lactobacillus ko Bifidobacterium. Danginsu ne ke mai da madara kindirmo, su ne kuma ke sa kamu tsami. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1907 wani masani ɗan Rasha mai aiki a birnin Faris, Iliya Mecnikof, ya rubuta cewa nonon tsami da manoman Bulgariya ke sha yana gyara hanji. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara masana, aka tsai da sharuɗɗa: kafin a kira abu furobayotik, sai ƙwayoyin suna da rai, sai sun kai yawan da ake bukata, sai kuma an ga amfaninsu ga lafiya.

Tunanin likitoci shi ne, tun da gonar hanji ta lalace, bari a ƙara shuka iri mai kyau, ko ya rinjayi ciyawa. Tunani ne mai kyau. Amma likita ba ya tsayawa a kan tunani, sai ya gwada.

Abin da gwaji ya nuna

An gwada a ƙasashe da dama. Akan raba marasa lafiya kashi biyu, a ba waɗansu maganin na gaske, waɗansu a ba su kafso marar kome a ciki, ba wanda ya san wanne ya samu. A waɗansu gwaje-gwajen, masu shan na gasken sun sami sauƙin kumburin ciki da ɗaurewa. A waɗansu kuwa ba a ga bambanci ba. Galibin gwaje-gwajen mutane kaɗan aka sa, na 'yan makonni ko 'yan watanni, kuma kowane da irin ƙwayar da ya yi amfani da ita.

A 2023 wata ƙungiyar masana mai suna Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna su, ta duba guda 45 da aka yi a kan masu ciwon ƙoda 2,266. Hukuncinta shi ne, shaidar da ke hannu ba ta kai a tabbatar da amfanin maganin ga masu ciwon ƙoda ba.

To, ga gaskiyar magana a taƙaice. Furobayotik yana iya sauƙaƙa wa wani ciki, wani kuma ya sha bai ji kome ba. Amma ba ya farfaɗo da ƙodar da ta mutu. Ba ya fitar da ruwan da ya taru a ƙafa da huhu. Ba a taɓa samun gwajin da ya nuna yana iya tsaya wa mutum a madadin wanki ko sau ɗaya ba. Duk wanda ya ce muku, "Sha wannan ka huta da zuwa asibiti," kuɗinku yake so, ba lafiyarku ba.

Na san wanki da tsada. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗinsa daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta, amma duk da haka ga kuɗin mota, ga na allurar ƙarin jini. Mutane sun sayar da gona da shanu a kan wannan ciwo. Saboda haka ne nake roƙonku, kuɗin da aka tara don wanki kada a taɓa shi don sayen kafso. Kada garin neman gira a rasa ido.

Waɗanda bai kamata su sha ba

Wani zai ce, "To, in bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa." Ga mai lafiya galibi haka ne. Amma ku tuna abu ne mai rai, jikin mai wankin ƙoda kuwa ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta kamar naku. A 2008 aka ba da rahoton wani gwaji a Holan a kan mutane masu matsanancin kumburin wata gaɓa ta cikin ciki da ake kira fankiriyas. Cikin ɗari, 16 suka mutu a ɓangaren da aka ba furobayotik, 6 a ɓangaren da ba a ba su ba. Ba masu ciwon ƙoda ba ne, amma darasin ya isa: abin da ke da kyau ga mai ƙarfi yana iya kayar da raunana.

Waɗannan kada su sha sai likitan ƙoda da kansa ya ce:

Na ɗaya, wanda aka sa wa roba a jijiyar wuya ko ta cinya don wanki. Robar nan ƙofa ce kai tsaye zuwa jini. Akwai wani irin furobayotik na yisti, Saccharomyces boulardii, wanda ake bayarwa don zawo. An sha samunsa ya bi ta roba ya shiga jini, har hukumomin magunguna na Turai sun hana a ba mai irin wannan roba. Ko buɗe takardarsa kusa da shi kada a yi, gama garin yana tashi cikin iska, yana kuma manne wa hannu.

Na biyu, wanda aka yi wa dashen ƙoda, yana shan maganin da ke rage ƙarfin jiki don kada ya ƙi sabuwar ƙodar.

Na uku, wanda ke kwance da zazzaɓi, ko wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan.

Na huɗu, wanda ake yi wa wanki ta ciki, watau ana zuba ruwa ta roba a mararsa ana fitarwa. Shi kam, ko wane irin canji a cikinsa sai da sanin asibiti.

To, kindirmo fa?

Na san tambayar da ke bakinku ke nan. "Tun da ƙwayoyin suna cikin kindirmo, me zai hana mu dama masa fura da nono ya sha ya ƙoshi?" Ga mai lafiya, fura da nono abinci ne mai kyau. Ga mai wankin ƙoda kuwa, idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Nono yana da abu uku da jikinsa ba ya iya fitarwa: ruwa, da fosforas, da fotasiyam. Ruwa ya taru ya hana numfashi. Fosforas ya kawo ƙaiƙayi, ya raunana ƙashi, ya taurara jijiyoyin jini. Fotasiyam kuwa shi ne mafi haɗari, gama idan ya yi yawa yana iya tsai da zuciya farat ɗaya, ba sallama. Yawanci abin da akan yarda masa bai wuce rabin kofi a rana ba, kuma a lissafa shi cikin ruwan da aka ƙayyade masa. Sai kuma an tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin da ke sa dabbobi ɓari.

Idan likita ya yarda a gwada

In kun tambaya, likita ya ce ba laifi, ga yadda za ku yi.

Ku saya a shagon magani mai rajista, ba a tire ko cikin mota ba. Ku duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Zafi yana kashe ƙwayoyin, wanda ya wuni a rana a kasuwa gawa kuka saya. In kwalin ya ce a ajiye a firiji, ku kuwa ba ku da wuta, ku nemi irin da ba ya bukatar sanyi, ku ajiye shi a inuwa kusa da randa. Kada a haɗiye shi da shayi ko kunu mai zafi. In yana shan antibayotik, a bar awa biyu tsakaninsu. Ku kai kwalin asibiti ran wanki a karanta abin da ke ciki, domin waɗansu ana haɗa su da gishiri ko sinadaran da ba su dace da shi ba.

Kwanakin farko ciki yana iya ƙara iska, wannan yakan wuce. Ku sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubutawa a takarda: yau ya zaga ko bai zaga ba, ya ci abinci ko bai ci ba. Bayan mako huɗu ku duba takardar. In ba canji, ku daina, ku adana kuɗinku.

Abin da ya fi kafso

Akwai abubuwan da amfaninsu ya tabbata, galibinsu kuma ba su cin kuɗi.

Kada a yi fashin wanki. Tashin zuciya, da ɗacin baki, da shaƙuwa, da ƙin abinci, sau da yawa alama ce datti ya taru a jini. Maganinsu na'ura ce.

A ba shi ganyen da ba shi da fotasiyam da yawa, kamar kabeji, da albasa, da kokwamba, da ɗan yankin abarba ko tuffa. Dankali da doya da alayyafo kuwa, a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan, sa'an nan a dafa. Ayaba, da dabino, da tsamiya, da garin 'ya'yan kuka, da tumatirin gwangwani, a yi nesa da su sai abin da asibiti ya ƙayyade.

Uwargida, ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, gama su ke kawo ƙishirwa. Kada ki ba shi kanwa ya sha don kumburin ciki, gishiri ce mai ƙarfi. Ruwan toka kuwa cike yake da fotasiyam, kada ya shiga tukunyarsa.

Ya riƙa ɗan takawa safe da yamma gwargwadon ƙarfinsa. Ya kuma saba zuwa makewayi lokaci ɗaya kullum, bayan karin kumallo.

In ciki ya ɗaure, a gaya wa likita. Akwai maganin sassauta ciki da ya dace da su, kuma yana iya sauya ƙwayar da ke jawo ɗaurewar. Amma gishirin wankin ciki mai kumfa, da farin ruwan maganin ƙwarnafi mai sinadarin maganiziyam, da maganin da ake ɗurawa ta dubura, kada a saya masa, suna taruwa a jini su zama guba. Haka nan jiƙe-jiƙe da sassaƙe waɗanda ba a san ma'auninsu ba. Haka nan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, suna ƙwarzane ciki har ya yi jini, suna kuma ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙodar.

Alamun da ba a kwana da su

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ku tsaya neman kafso, kada ku jira ran wanki. Ku nemi mota.

Bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini. Amma ku sani ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, saboda haka a bar likita ya bambanta.
Ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri, ba bayan gida, ba tusa.
Zazzaɓi da rawar sanyi, musamman ga mai roba a wuya.
Zawo mai yawa, balle bayan shan antibayotik.
Ruwan wankin ciki ya fito da gurɓata kamar tsarin nono.
Ƙafafu su mutu, ko zuciya ta riƙa tsalle, ko numfashi ya gagara in ya kwanta.

Jama'a, ku riƙe abu uku daga zancenmu na yau. Furobayotik ɗan taimako ne ga ciki, in ma ya yi, ba maganin ƙoda ba ne. Ba a ba mai wankin ƙoda kome, ko na Turawa ko na gargajiya, sai likitansa ya sani. Kuɗin wanki kuma na wanki ne.

Ku da kuke da lafiya, in kun zo ɗakin shan magani ku ce a auna muku jini da fitsari, gama hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda, kuma a ɓoye suke aikinsu shekara da shekaru. Wanda ya ji wannan, ya gaya wa wanda bai ji ba. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin asibiti na garinku, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.